HALITTAR DA TURURIN NUKILIYA YA KASA KASHEWA: Darasi Daga Ƙurar Ƙofar Nassarawa

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Nassarawa da sanyin safiya a watan Disamba ko Janairu, ko ma'aikaci ne mai saurin zuwa ofis, ko ɗalibi mai jiran mota, ya san halin hunturu a birnin Kano. Hazo yakan rufe gari har mutum ya kasa hango ƙarshen gadar sama, leɓe ya tsage, ƙura ta kwanta a kan motoci da ragowar ganuwa kamar an barbaɗa gari. Abin da kowa yake yi shi ne ya kaɗe rigarsa, ya toshe hanci, ya wuce. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar kansu daga ina wannan ƙura take, kuma me take ɗauke da shi.

Kashi mai yawa na ƙurar hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, watau wurin da tsohon babban tafki ya ƙafe tun zamani mai tsawo. Iskar arewa maso gabas ita ce take kwaso ta, ta ratso da ita ta kanmu, har wata ta ƙetare Tekun Atlantika. Masana kimiyya sun tabbatar da cewa wannan ƙura tana tafe da fasinjoji masu rai, watau halittu ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita.

Mu Hausawa mun saba kiran irin waɗannan halittu da suna ƙwayoyin cuta, domin ta bakin ma'aikatan asibiti muka fara jin labarinsu. Amma sunan bai yi musu adalci ba, gama mafi yawansu ba sa cutar da kowa. Su ne suke mai da madara kindirmo, su ne kuma suke mai da kalwa daddawa. A cikinsu akwai wasu masu taurin rai na ban mamaki, waɗanda suke zaune lafiya a inda sauran halittu ba sa iya kwana ɗaya. Labarin sarauniyarsu za mu bayar yau, da dalilin da ya sa labarin ya shafe mu fiye da mutanen da suka gano ta.

GWANGWANIN NAMA NA 1956

Da farko ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da tururin nukiliya. Wani irin haske ne da ba a gani, wanda yake fitowa daga ma'adinai irin su yuraniyam. Ɗan'uwansa ne ake amfani da shi a asibiti wajen ɗaukar hoton ƙashi. Idan ya yi yawa yakan ratsa jiki ya lalata shi daga ciki. Ma'aunin da ake auna shi da shi sunansa gire, kuma gire 5 zuwa 10 sun isa su kashe mutum idan suka game jikinsa duka.

A cikin shekarar 1956, a tashar binciken aikin gona ta Jihar Oregon a Amurka, wani masani mai suna Arthur Anderson da abokan aikinsa suna gwada adana naman gwangwani ta hanyar haska shi da wannan tururi. Sun yi wa naman haskawar da aka yi imani babu mai rai da zai tsira daga gare ta. Duk da haka sai naman ya ruɓe. Da suka bincika sai suka tarar da wata ƙwayar bakteriya mai launin ja-ja tana ta hayayyafa a ciki. Ita ce aka raɗa wa suna Deinococcus radiodurans a 1981.

Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa wannan ƙwaya tana shanye gire 5,000 ba tare da ta nuna alamar jigata ba, watau kusan ninki dubu na abin da yake kashe ɗan Adam. Daga 2015 zuwa 2018 masanan Japan sun liƙa dunƙulenta a bayan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, inda babu iska babu ruwa. Bayan shekara uku aka dawo da ita, aka tarar waɗanda suke saman dunƙulen sun mutu, amma gawarsu ta zama garkuwa ga na ciki, na cikin kuwa suka farfaɗo. Wannan shi ne raina kama ka ga gayya.

SIRRIN YANA GA GYARA

To, yaya take yi? Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da wani dogon zare a cikinta wanda masana suke kira DNA. A jikin wannan zare aka rubuta dukkan umurnin ginin jikinta da yadda za ta hayayyafa. Tururin nukiliya yakan tsittsinka zaren, kuma ga yawancin ƙwayoyi, tsinkewa kaɗan ta isa ajali. Da fari an zaci zaren Deinococcus ba ya tsinkewa ne. Ashe yana tsinkewa kamar na kowa, har gida ɗari da ɗoriya. Bambancin shi ne, cikin yini ɗaya ko ƙasa da haka, takan tattara guntayen ta ɗinke su daidai, ta ci gaba da rayuwarta.

Wanda ya san tarihin ganuwar Kano ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba. An fara gina ta a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Ginin ƙasa ne, kowace damina ruwa yana zaizayar ta. Abin da ya tsayar da ita shekaru ɗaruruwa shi ne gyara, watau a fito da gayya, a kwaɓa ƙasa, a toshe inda ya zube. Sa'ad da aka daina gayyar, sai ganuwa ta fara kwanciya, har ta zama abin da muke gani yau a gefen Ƙofar Nassarawa.

Abu biyu ne suke sa gyaran Deinococcus ya yi nasara. Na farko, ba ta ajiye zarenta guda ɗaya, takan riƙe kwafe huɗu zuwa goma, saboda haka idan wani ya tsinke a nan, sai a duba ɗan'uwansa a ga abin da ya ɓace. Miroslav Radman da abokan aikinsa a Paris sun bayyana yadda ake wannan ɗinki a 2006. Na biyu, tana tsare magina. Maginan nan su ne sinadaran furotin da suke yin ɗinkin, kuma a jikin sauran ƙwayoyi tururi yakan lalata su tun kafin su fara aiki. A 2004 Michael Daly da jama'arsa a Amurka suka nuna cewa ƙwayoyi masu jure tururi suna tara ma'adinin manganis mai yawa, daga baya kuma aka gane cewa manganis ɗin ne yake kashe kaifin gubar da tururi yake haifarwa, ya kare maginan. Muddin magina suna raye, komai zubewar ganuwa za ta tashi.

FARI NE YA KOYA MATA

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masana. Babu wani wuri a doron ƙasa da tururi na ɗabi'a ya kai ko kusa da gire 5,000. To, me ya sa halitta za ta tanadi garkuwar yaƙin da ba ta taɓa gani ba?

Amsar ta fito a 1996 daga Jami'ar Jihar Louisiana, inda Valerie Mattimore da John Battista suka ɗauki ire-iren wannan ƙwaya guda 41 waɗanda suka rasa ikon jure tururi, suka busar da su. Sai aka ga dukkansu sun rasa ikon jure bushewa ma. Dalili kuwa shi ne, bushewa mai tsanani tana tsittsinka zaren DNA kamar yadda tururi yake yi. Ashe dabarar da halittar ta mallaka don tsira daga fari ita ce take cetonta daga tururin nukiliya.

Wannan bayani shi ne ya karkato da hankalin masu bincike zuwa hamada. A 2005 masanan Faransa suka ba da labarin wata sabuwar ƙwaya da suka samu daga rairayin Sahara na Maroko da Tunisiya. Sun haska rairayin da gire 15,000, sa'an nan suka shuka abin da ya tsira, suka kira ta Deinococcus deserti. A 2007 kuma aka farfaɗo da ƙwayoyi masu rai daga ƙurar Afirka da ta faɗa kan jiragen ruwa a Tekun Atlantika tun ƙarni na 19, wadda take ajiye a gidan adana kayan tarihi a Berlin. A 2013 aka buga sakamakon binciken ƙwayoyin da suke cikin ƙurar Bodele kanta, watau ƙurar da muke kaɗewa daga rigunanmu.

Mai karatu ya lura da wuraren da aka ambata. Rana mai ƙuna, da wata shida ko bakwai babu ɗigon ruwa, da ƙasa mai tsagewa don bushewa, duk abubuwa ne da wasu suke kashe kuɗi masu yawa su zo nema, mu kuwa a cikinsu aka haife mu. Fuskar tsohuwar ganuwa, wadda take shan rana da rani, ta jiƙe da damina, ta sake bushewa shekara da shekaru, irin wurin da mai neman waɗannan halittu yake fara dubawa ne.

MARINAR ƘOFAR MATA

Kada a ɗauka cewa sa ƙananan halittu masu taurin rai aiki baƙon abu ne a Kano. Daga Ƙofar Nassarawa, tafiya kaɗan ce zuwa marinar Ƙofar Mata, wadda ake faɗin an kafa ta tun 1498. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar rinannen tufafin birnin nan suna kaiwa ƙasashe masu nisa ta hannun fatake.

Shuni ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba zai kama zare haka kawai ba. Marini yakan zuba ruwa a rami, ya sa baba da toka da katsi, ya riƙa motsawa, ya jira kwanaki har rami ya nuna. Abin da yake faruwa a kwanakin nan shi ne, wasu ƙwayoyin bakteriya da suke iya rayuwa cikin kaifin ruwan toka, inda iska ba ta isa, suna juya shunin zuwa wani yanayi mai narkewa. Shi ya sa ƙyalle yake fitowa daga rami da launin kore-kore, sai ya sha iska sa'an nan ya koma shuɗi. A Ingila an ware irin wannan ƙwaya daga tukunyar rini ta gargajiya an ba ta suna a 1999, masanan Japan kuma sun ware wasu daga nasu tukwanen tsakanin 2004 da 2008.

Ƙwayoyin marina ba masu jure tururi ba ne, nasu gwanintar jure kaifin toka ce. Amma darasin ɗaya ne. Marinin da yake duba kumfa da launi ya ce rami ya nuna ko ya mutu, kiwon ƙwayoyin halitta yake yi, kuma abin da yake yi shi ne ainihin abin da jami'o'i suke kira fasahar sarrafa halittu. Kowane ramin da aka cike aka yi gini a kansa, ya tafi ke nan da zuriyar ƙwayoyin da aka daɗe ana reno a cikinsa.

INA AMFANINSU?

Na farko, tsabtace dattin nukiliya. A inda sharar nukiliya ta gauraya da wasu gubobi, ƙwayoyin da aka saba amfani da su wajen cinye datti ba sa rayuwa. A 1998 aka dasa wa Deinococcus ikon narkar da wani sinadari mai guba dangin man fetur, a 2000 aka dasa mata ikon rage gubar zaiba, a 2006 kuma masanan cibiyar nukiliya ta Bhabha a Indiya suka sa ta tsamo yuraniyam daga gurɓataccen ruwa. Waɗannan nasarori ne na ɗakin gwaji, amma bukatar tana kusa da mu. An fara haƙar yuraniyam a Arlit ta Jamhuriyar Nijar a 1971, kuma mahaƙar Akouta da aka rufe a 2021 ta bar tarin shara mai tururi kimanin tan miliyan 20.

Na biyu, allurar rigakafi. Ana iya kashe ƙwayar cuta da tururi don a yi allura da gawarta, amma tururin yakan ɓata siffarta ta waje, wadda ita ce jiki yake bukatar ya gane. A 2012 aka nuna cewa idan an zuba haɗin manganis irin na Deinococcus, tururi zai kashe ƙwayar cutar ya bar siffarta. A 2020 aka buga gwajin wannan dabara a kan ƙwayar shan inna a jikin dabbobi. Mutanen Kano ba sa bukatar a gaya musu darajar irin wannan aiki.

Na uku, noma. A 2009 masanan ƙasar Sin suka ɗauki wani yanki na zaren Deinococcus suka dasa wa wani tsiro da ake matsar mai daga 'ya'yansa, sai tsiron ya ƙara jure ƙasa mai gishiri. Ga ƙasar da hamada take matsowa, wannan hanya ce da ta cancanci a bi a ga inda za ta kai.

Na huɗu, adana abinci, inda labarin ya faro. Haska abinci da tururi gwargwado yana kashe ƙwarin wake da na hatsi, yana kuma hana albasa da doya tsirowa a ma'aji. A 2006 aka buɗe na'urar yin wannan aiki a Sheda kusa da Abuja. Sanin irin ƙwayoyin da suke tsira daga haskawa shi ne yake nuna wa ma'aikaci iyakar abin da na'urarsa za ta iya.

Wanda yake shakkar cewa ƙwaya daga wuri mai tsanani tana iya zama dukiya, sai ya tuna da wadda Thomas Brock ya samo daga maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, aka ba ta suna a 1969. Daga jikinta aka samu sinadarin da ya sauƙaƙa gwajin da ake kira PCR, gwajin da duniya duka, har da Kano, ta dogara da shi wajen gano cutar korona a 2020.

ABIN DA YA SAMI KENYA

A ƙasar Kenya akwai tafkuna masu kanwa, irin su Bogoriya da Nakuru. A shekarun 1990 masu bincike daga ƙetare suka ɗebi samfuri daga can. Daga ƙwayoyin da suka samu, wani kamfanin Amurka ya fitar da sinadarai guda biyu, ɗaya ana sa shi a garin sabulun wanki, ɗaya kuma ana koɗar da shunin wandon jins da shi. A 2004 Hukumar Kula da Namun Daji ta Kenya ta fito fili tana neman a biya ƙasar haƙƙinta. Irin wannan takaddama ce ta sa ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Nagoya a 2010, ta fara aiki a 2014, wadda ta tanadi cewa sai da izinin ƙasa za a ɗauki albarkatun halittunta, kuma a raba riba da ita.

Amma yarjejeniya ba ta tsare abin da mai shi bai san yana da shi ba. Muna da kanwa a ƙasar Manga da gefen Tafkin Chadi, da gishirin Bilma, da rairayin Sahel, da ramukan rini, da ruwan majemun Sharaɗa da Challawa da Bompai, kuma kowanne gida ne na halittun da suka saba da wuya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ga ɗalibai, albishirin shi ne farkon wannan aiki ba ya bukatar injin nukiliya. Tun da jure bushewa da jure tururi tafiyarsu ɗaya, ɗalibin sashen nazarin ƙananan halittu a Jami'ar Bayero yana iya ɗibar ƙura ko ƙasa, ya busar da ita matuƙa, ya haska ta da fitilar kashe ƙwayoyi irin wadda ɗakunan gwaji suke da ita, ya shuka abin da ya tsira. Ɗigo mai launin ja ko ruwan hoda da ya tsiro a faranti ya cancanci a bi sawunsa. Idan aiki ya yi nisa, akwai masana tururi a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda injin nukiliya na bincike ya fara aiki a 2004.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, naku aikin ya fi nauyi. Lalle ne a tanadi ma'ajiyar ƙwayoyin halitta mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, domin ƙwayar da ɗalibi ya gano yau kada ta mutu ranar da ya karɓi takardar shaidarsa. Lalle ne mai sa hannu a takardar izinin bincike ya san cewa cokalin ƙasa ma dukiya ne, ya tambayi inda za a kai shi, da abin da zai dawo. Har ila yau, mai rarraba filaye ya tuna cewa ragowar ganuwa da ramukan marina, ban da darajarsu ta tarihi, suna da wata daraja da sai madubin likita yake nunawa.

Masu iya magana sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Hunturu zai sake zuwa, ƙura za ta sake kwantawa a Ƙofar Nassarawa. Fatanmu shi ne a cikin dubban masu kaɗe riga su wuce, a samu ɗalibi ko ɗaya ne da zai tsaya da ƙaramar kwalba a hannunsa, a kuma samu ma'aikacin da zai ba shi wurin ajiye abin da ya samo. Allah ya sa mu dace.